Mel ɗin aiki cikin wayata, ko in sayi wata?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ina aiki da wata ƙungiya nan Tawa, shugabanmu ya ce kowa ya sa mel ɗin aiki da kalandar taro cikin wayarshi, don in mun fita ƙauyuka a riƙa samunmu. To ni hotunan yarana da WhatsApp na gida duk suna ciki. Za su iya gani? Ko in haƙura in sayi wata waya?

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, ki riƙe jikkunanki tukuna. Ba mel ɗin ne abin tsoro ba, ƙofar da kika shigar da shi ce.

In Android gare ki, ki tambayi mai kula da kwamfutocin biro ko suna da abin da Faransanci ke cewa profil professionnel. Waya ɗaya ce amma an raba ta ɗaki biyu, manhajojin aiki za ki gansu da wata 'yar alamar jaka, shi kuma mai kula da kwamfutocin iyakarshi ɗakin aiki, ba ya ganin hotunanki balle hirarki da maigida, ranar da kika bar aikin ma ɗakin nan kaɗai zai goge. Abin da ya fi burge ni, kina iya kashe shi da maɓalli ɗaya ranar Lahadi ki huta. iPhone ma tana da irinshi tun iOS 13, a 2019.

Inda ake faɗawa rami shi ne mutum ya sa adireshin Exchange na aiki, wato tsarin mel na kamfanin Microsoft, cikin manhajar mel da ta zo da wayar, allo ya fito yana neman izinin zama mai kula da na'urar, shi kuwa don sauri ya danna to bai karanta ba. Wannan izinin yana iya ba biro ikon goge wayar gaba ɗaya daga nesa, har hotunan suna da na Sallah, wallahi ba don mugunta ba, wani lokaci kuskure ne kawai. In kuwa cikin Outlook, manhajar mel ta Microsoft, kika sa shi, abin da ke cikinta kaɗai ake gogewa. In ma dubawa ce jefi-jefi, buɗe Chrome ki shiga ki duba ki fita, ba ki girka komai ba.

Kalanda kuwa, awon asibiti da bikin dangi kada ki rubuta su cikin ta aiki, sau da yawa abokan aiki na ganinta.

Maganar sabuwar waya, sai in sun nace dole a miƙa musu wayar duka. Nan kam ki ce da shugaba cikin ladabi, ranka ya daɗe, sai dai biro ya ba da tashi. In kuma ke za ki saya, ki kula da masu arhar nan na Android Go, ba su ɗaukar rabon ɗaki biyun, ki sa mai kanti ya nuna miki kwalin kafin ki biya.