In bar laftof in koma tabulet? Amsa ga wani ɗan kasuwa a Jidda

Wani bawan Allah mazaunin Jidda ya rubuto mini cewa shekara shida ke nan yana sayen laftof na hannu yana aika wa ƙaninsa a Kano, shi kuma ya sayar a titin Beirut, kasuwar waya da kwamfuta. Yanzu ya tara riyal 40,000. Babban ɗansa ya dame shi da cewa zamanin kwamfuta ya wuce, kowa tabulet yake riƙewa, don haka ya juya jarin gaba ɗaya. Tambayarsa ita ce: ya bi maganar yaron ko kuwa?

Alhaji, Allah ya yi wa yaron albarka, amma kada ka juya.

Wannan maganar ba yau aka fara ta ba. Tun 2010 da kamfanin Apple ya fito da iPad ake yi wa kwamfuta jana'iza, ga ta nan har yau a kan teburin kowane ofis da banki. Abin da ya canza shi ne waya. Allonta ya faɗaɗa, ƙarfinta ya ƙaru, har mai son WhatsApp da YouTube da Absher (manhajar hidimomin gwamnatin Saudiyya) ba ya buƙatar wani abu bayan wadda ke aljihunsa. Sai tabulet ta tsinci kanta a tsakiya: ta yi wa aljihu girma, ta yi wa aikin ofis kaɗan. Idan akwai mai cin kasuwar tabulet, waya ce.

Ka bar abin da yaron ke gani a hannun abokansa a nan Saudiyya, ka tambayi ƙaninka su wane ne ke shiga shagonsa. Ɗalibin jami'a ne mai rubuta kundin kammala karatu, da mai shagon buga takardu, da akawu mai aiki da Excel, da matashi mai koyon zane ko haɗa manhaja, da makarantar da ke horar da yara jarrabawar JAMB, wadda a kwamfuta ake yin ta. Duk waɗannan da kwamfuta suke neman abinci ko takardar shaida, ko kuɗi ya yi wuya sai sun nemo. Mai sayen tabulet kuwa yawanci uba ne da ke son ya raba yara da wayarsa, ko dattijo mai son karanta Alƙur'ani da manyan baƙaƙe. Cinikin halal ne, amma na marmari ne, ranar da buhun shinkafa ya tashi shi ake fara jinginewa. Ka tuna kuma riyal a ɗaure yake da dala, riyal 3.75 ne dala ɗaya, ita naira kuwa ba ta da tabbas. Duk ranar da ta faɗi kayanka sun ƙara tsada a Kano, mai buƙata ne kawai zai daure.

Inda na fi so ka tsaya ka yi tunani shi ne gyara, domin kayan hannu kake yi. Laftof irin ta kamfanoni, ThinkPad ko Latitude ko EliteBook, idan batirinta ya mutu a canza, idan tana nauyi a sa mata SSD, wato ma'ajiyar bayanai mai sauri, ta ƙara shekaru tana aiki, kai ma ka ci ribar gyaran. Tabulet in allonta ya fashe, sau da yawa kuɗin gyaran ya kusa kuɗin sayenta. Ga kuma babbar masifa: iPad ɗin da mai ita bai cire asusunsa na Apple, wato iCloud, ba, domin a kulle take sai da kalmar sirrinsa. Za ka gan ta tsaf kamar sabuwa a shafin saye da sayarwa na Haraj da araha, ta isa Kano ta zama faranti. Kada ka biya sai an goge ta an kunna a gabanka.

Laftof ɗin ma akwai tarko. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, saboda haka tsofaffin na'urorin da ba sa ɗaukar Windows 11 za su yi ta fitowa kasuwa da arahar da ke ruɗi. Idan ƙwaƙwalwar na'urar (furosesa) ta kamfanin Intel ce, ka nemi ƙarni na 8 zuwa sama. Ƙasa da haka sai dai in ƙaninka ya ce yana da mai saye a hannu.

Da kuɗina ne, riyal 30,000 zan zuba a sana'ar da na sani. In ware 5,000 in gwada tabulet kaɗan, Samsung ko Lenovo masu matsakaicin farashi, kuma masu ɗaukar layi, domin a Najeriya ba kowa ke da intanet na gida ba irin na nan. Ragowar na kago ne, wato jigilar kaya, da kwastan. Ka tambayi masu kagon sharaɗinsu kan kaya masu batir kafin ka saya, ba bayan ka ɗaure kwali ba.

Ƙaninka ya rubuta ranar da kowace tabulet ta iso da ranar da ta fita, haka ma laftof. Bayan wata uku ka zaunar da yaron ku duba littafin tare. Tunda shi ya kawo shawarar, ka ɗora masa alhakin gwada kowace tabulet kafin a biya.