Tarin da ya biyo bayan Keytruda: kada ki jira ranar ganin likita

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Wallahi da na karanta tambayarki sai da gabana ya faɗi. Kin ce an yi wa Baba ƙarin ruwan Keytruda, maganin ciwon daji (kansa) ɗin nan, sau uku, yanzu ga busasshen tari, ga haki in ya hau bene, ko sanyin damina ne. Haka maigidana ya fara, sak.

Mu ma mura muka ɗauka. Wani mai kemis a nan Agege ya haɗa masa maganin tari da kafso. Na ce masa mutumin nan fa yana kan maganin ciwon daji, ya ce, "Hajiya, ai duk tari tari ne." Har gobe in na wuce shagonsa raina sai ya ɓaci. Kwana tara muka ɓata a kan maganarsa.

Daren na goman ba zan manta ba. Ya tayar da sallar isha'i, Fatiha ma ya kasa kai ta ƙarshe. Na maƙala masa 'yar na'urar nan ta yatsa mai auna oksijin a jini, ta nuna ya faɗi zuwa 84. Ƙaninsa ya ɗauko mota, ga ruwan sama, ga gosulo a Oshodi, kansa a cinyata, leɓensa ya canza launi, ni kuwa ba abin da nake sai salati. Na riga na sallama.

Da aka yi hoton CT, aka gwada majina aka ga ba tibi (tarin fuka) ba ce, likitarsa ta ce kumburin huhu ne, kuma maganin ne ya jawo. Wai Keytruda linzami yake cire wa garkuwar jiki don ta afka wa kansar, wani lokaci sai ta juyo kan huhun mai lafiya. Ba ƙwayar cuta ba ce, shi ya sa kafson bai yi komai ba. Opdivo, wani maganin ciwon daji irinsa, shi ma yana yi.

Aka dakatar da ƙarin, aka sa masa oksijin da allurar sitiroyid mai rage kumburi, daga baya ƙwayar prednisolone, ana ragewa sannu a hankali har mako shida. Sikarinsa ya hau, barci ya ƙaurace, ci kuwa kamar fara. Don Allah kada ki saya masa sitiroyid da kanki, in tibi ce ƙara ta zai yi. In kuma likita ya fara, ba a yankewa rana ɗaya.

Ki kira likitan Baba yau ɗin nan. Duk asibitin da kuka shiga, sunan maganin ki fara faɗa, don ko watanni bayan an daina, kumburin yana iya tasowa. Gudawa mai yawa ma ki faɗa. Namu ba a mayar da shi kan Keytruda ba saboda kumburin ya yi tsanani, masu sauƙi akan ci gaba da wasu. Kuɗin da muka tara na ƙari na biyar a gadon asibiti ya tafi, wannan kuma wani zancen ne.

Na'urar yatsan tana nan a durowa, in kuna kusa ki turo yaro ya karɓa. Allah Ya ba Baba lafiya.