Famfon da ba shi da inji a ciki, yaya yake zuƙar ruwa?

Ɗan uwa mai noman rani a Dadin Kowa, ka ce ka ga wani ƙaramin bututu yana zuƙar ruwan taki daga durom alhali ba waya ba inji, kana tambaya yaya akai. Edukta ake ce masa, wasu su ce benturi, shi benturin sunan wani masani ɗan Italiya ne.

Ka san in ka matse bakin tiyo ruwa ke fita da gudu ko? To haka cikinsa yake, ruwan da injin ban ruwanka ya turo yana bi ta wata 'yar siririyar ƙofa sai gudunsa ya ƙaru, kuma duk inda gudu ya ƙaru matsi raguwa yake, to wannan raguwar ce ke zuƙo takin ta ramin gefe su gauraya, gaba kaɗan bututun ya sake buɗewa gudu ya ragu matsi ya dawo ya tura su gona. Kaburetan mashin ma haka take jawo fetur.

Ni abin da ya sa nake sonsa, babu abin da ke juyawa a ciki balle ya lalace, sai dai toshewa, don haka ka tace takin tukun. 'Yan kwana-kwana da shi suke haɗa kumfa da ruwa, gidan ruwa suna zuba kulorin da shi, jiragen ruwa suna kwashe ruwan da ya taru a ƙasansu, a matatun mai kuma da tururi ake tura shi ya zuƙe iska.

Amma fa yana cin ƙarfi sosai, in injinka ya gaji eduktan ba zai ja komai ba, ka fara duba matsin ruwanka kafin ka saya.