Daga ina yara ke ɗebo "rizz" da "sus"?

'Yar'uwa, kin tambayi inda ɗanki ya samo "rizz" da "sus" alhali bai taɓa buɗe Twitch, dandalin watsa wasan bidiyo kai tsaye, ba. Shekara huɗu ke nan ina cikin masu sa ido a akwatin hirar wani mai watsa wasan bidiyo kai tsaye, don haka a gaban idona irin waɗannan kalmomi ke tashi.

Mai watsawa yakan shafe awa shida ko bakwai yana surutu ba ƙaƙƙautawa, dole wata kalma ta maƙale masa a baki. Da ya furta ta, sai ki ga saƙonni suna kwarara, ɗaruruwan mutane na rubuta ta lokaci guda. Daren farko abin dariya ce kawai. Kafin mako ya zagayo, duk wanda bai san ta ba ya zama baƙo a wurin, kuma babu yaron da ke son zama baƙo.

Abin da ke fitar da ita waje guntun bidiyo ne. Wani zai yanko daƙiƙa ashirin ya ɗora a TikTok ko YouTube, yaron da bai san mai watsawar ba ya gani, gobe ya kai wa abokansa a aji. Haka Kai Cenat, wani mai watsawa ɗan Amurka, ya yaɗa "rizz", wato iya jan hankalin wanda kake so da daɗin baki, har masu ƙamus na Oxford suka zaɓe ta kalmar shekarar 2023. Ita kuwa "sus", wanda ake zargi ke nan, wasan Among Us ne ya cika duniya da ita a 2020, lokacin kullen korona. Da yawa cikin irin waɗannan kalmomi baƙaƙen fatar Amurka sun daɗe suna faɗarsu, masu watsawa lasifika kawai suka zama.

Ranar da abin ya fi girgiza ni, ƙanena ne ya yar da wayarsa, shi kaɗai a ɗaki, na ji ya ce, "Chat, kun ga abin da ya faru?" "Chat" shi ne yadda mai watsawa ke kiran mutanen akwatin hira. Babu mai kallonsa, amma bakinsa ya saba da magana kamar akwai taro a gabansa.

Kada ki fara da faɗa. Ki zaunar da shi ki ce ya fassara miki kowace ɗaya. Yawancinsu ba su da illa, amma akwai irin "gyatt" da ke nufin surar jikin mace, kuma na sha ganin yara ƙanana suna rubuta ta ba su san me suke faɗa ba.