Amfilifayar jitata ta rage murya, wane bawul ya kamata in saya?

TAMBAYA

Salamu alaikum oga, don Allah shawara nake nema. Ina kaɗa jita ne a wata 'yar ƙungiya, muna zuwa biki da dina a cikin gari da Sabon Gari. Bara na sayi amfilifaya Fender Hot Rod Deluxe ta hannu wajen wani mai kawo kaya daga waje, da farko lafiya lau, amma yanzu muryarta ta ragu, bes ɗin duk ya gudu, wani lokaci tana yin tas tas, in na ƙara murya kuma sai ta kama fito. Wani abokina ya ce in cire bawul ɗin duka in sa wani irin bawul da ake ce wa EL34 wai za ta koma kamar amfilifayar Marshall. In bi shawararsa ko akwai wanda ya fi? Daga mai karatu a Fagge.

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanina. Toh kafin komai don Allah ka ajiye maganar EL34 ɗin nan, kar ka saya. Amfilifayar da ke hannunka mai wat 40 ce, bawul, wato kwalaben gilashin nan masu ƙara ƙarfin murya, biyar ne a cikinta, manya biyu 6L6GC su ne na ƙarfi masu tura sifika, ƙanana uku 12AX7 su ne na gaba masu ɗaga muryar jita kafin ta isa wajen manyan. EL34 da 6L6 dukkansu rami ɗaya suke shiga, mai gurbin ƙafa takwas, shi ya sa mutane ke ɗauka ai sai a musanya, amma hitar da ke cikin EL34, wato wayar da ke ɗumama shi, tana jan amf 1.5, ta 6L6GC kuwa 0.9, kaga guda biyu ka tashi daga 1.8 ka koma 3, duk a wuyan taransifomar da ba a naɗa ta don wannan nauyin ba, ga bayas ɗinsu, wato saitin wutar da ke ratsa su, ba ɗaya ba, ga ƙafa ta farko ta EL34 sai an haɗa mata waya wadda 6L6 ba ta buƙata. In taransifoma ta ƙone a Kano wallahi ka shiga wahala, don ko ka samu mai naɗi da wuya ta dawo yadda take. Kuma ko an yi duk wannan gyaran ba za ta zama Marshall ba, muryar Marshall daga yadda aka tsara cikinta ne da sifikarta, bawul kaso kaɗan ne a ciki.

Abin da na fi so ka fara yi shi ne gano wanne ne ba shi da lafiya, saboda abubuwa uku ka lissafa kuma ba lallai daga wuri ɗaya suke ba. Raguwar murya da guduwar bes yawanci manyan ne suka gaji, don su ne ke shan zafi, mai fita aiki kowane mako zai iya cinye su a shekara ɗaya zuwa biyu, kai kuma ba ka san tsawon aikin da suka yi a hannun mai ita na farko ba. Fiton nan kuwa na fi zargin ƙaramin na farko, wanda ake ce wa V1, shi ne na kusa da inda kake cusa wayar jita. Ka kunna ta da murya kaɗan, ka ɗauki fensir ka riƙa ɗan ƙwanƙwasa gilashin ƙananan ɗaya bayan ɗaya, kowanne zai ɗan amsa a sifika, wannan ba komai, amma wanda ka taɓa ya yi ƙara kamar ƙararrawa ko ya kama fito to shi ne, kayan cikinsa sun saki. Irin wannan amfilifayar bawul ɗinta a rataye suke kai ƙasa a bayan sifika cikin akwati ɗaya, duk girgizar sifika a jikinsu take ƙarewa, ga hanya ga adaidaita sahu. Tas tas ɗin kuma sau da yawa ba bawul ba ne sam, ƙura ce ta hunturu ta shiga ramukan ƙafa, ko dalma ta tsage a wajen da ake cusa waya. A kashe, a bari ta huce, a zare bawul a fesa maganin wanke soket a ƙafafunsa a mayar a sake zarewa kamar sau uku, da yawa a nan matsalar ke ƙarewa ba a sayi komai ba.

Ka kuma duba su da ido a wuri mai duhu. Ɗan jan haske a tsakiya hita ce, haka ya kamata. Shuɗin haske kaɗan a jikin gilashin manyan shi ma ba matsala. Amma in ka ga farantin ƙarfen nan mai ruwan toka ya yi ja kamar garwashi, kashe nan take kar ka jira a gama waƙa. Sannan wannan tabon mai sheƙi kamar madubi a jikin gilashi, in ya koma fari kamar alli to iska ta shiga, bawul ya mutu, babu gyara.

Yanzu maganar saye. Manyan ka sayi 6L6GC, ka tabbatar da GC ɗin nan a ƙarshe, domin shi ne mai ɗaukar wat 30 a farantinsa, tsofaffin 6L6 marasa GC da 5881 na asali ba su kai haka ba, ita kuma wannan amfilifayar tana ɗora musu sama da bolt 400. Kuma guda biyu za ka saya tare, waɗanda mai sayarwa ya auna ya haɗa su a matsayin tagwaye, za ka ga lamba iri ɗaya a rubuce a kwalinsu. Dalili kuwa aikin karɓa-karɓa suke yi, wannan ya tura wancan ya ja, kamar shanun huɗa ne in ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi kunya ba ta miƙewa, ɗaya zai yi ta shan zafi ya mutu da wuri, ga gurnani a sifika. Kar ka canza ɗaya ka bar ɗaya don rage kuɗi, sai dai a tsakiyar biki don a samu a gama.

Batun suna kuma, nan ne samari ke zubar da kuɗi. Sunayen da ke jikin kwali suna da yawa amma masana'antun da suka rage a duniya 'yan kaɗan ne. Akwai JJ a Sulobakiya, akwai ta garin Saratov a Rasha wadda daga cikinta Sovtek da Electro-Harmonix da sabon Tung-Sol da sabon Mullard duk suke fitowa, sai na Chaina irin su Psvane. Shi ya sa a 2022 da yaƙin Rasha da Yukiren ya tashi bawul ya yi wuya a ko'ina kuma kuɗinsa ya tashi. Ni dai ga mai yawon biki JJ nake fara ba shi shawara, gilashinsa da kauri, yana jure hanya, in ba a samu ba Tung-Sol ko Sovtek duk za su yi maka aiki. Bambancin murya tsakaninsu akwai shi amma kaɗan ne, a filin biki ga ganga ga fiyano ga mawaƙi ba mai ji. Tsofaffin nan na da kuwa, RCA da GE da Telefunken da Mullard na asali na Ingila, masu kyau ne ba musu, sai dai jabu ya yi yawa, ana goge rubutu a buga sabon tambari, ana kuma ciro wanda ya gaji daga tsohuwar rediyo a ce maka sabo ne ba a taɓa ba. In ba a gabanka aka ɗora shi a na'urar gwaji ba, kar ka ba da kuɗin. A Kano da wuya ka shiga shago ka tarar da tagwayen da aka auna, ka tambayi masu kayan kiɗa a Sabon Gari ko za su yi maka oda daga Legas, ko ka yi oda daga waje wajen dilan da ke auna kayansa, ka ce a naɗe da kyau.

Sai bayas, wanda shi ne abin da na fi damuwa da shi a duk maganar nan. Bayas shi ne ke ƙayyade yawan wutar da ke ratsa manyan lokacin da ba ka kaɗa komai, in ta yi yawa su yi zafi su ƙone da wuri, in ta yi kaɗan murya ta bushe ta yi kaushi. Wasu amfilifayoyi kamar Vox AC30 suna daidaita kansu, sai ka cire ka sa kawai, amma taka ba haka take ba, akwai ɗan abin murɗawa a ciki da za a saita duk lokacin da aka sa sabbin manya. Ƙa'idar da masu gyara ke bi ita ce kar a wuce kashi 70 cikin 100 na ƙarfin bawul, wato wat 21 ga 6L6GC, in a ce farantin na samun bolt 430 to kusan miliamf 49 ke nan kowanne, wannan iyaka ce ba wai dole a kai can ba. A yanayinmu ni ƙasa da haka nake so, wajen kashi 55 zuwa 60, saboda zafin Afrilu da Mayu a nan ba wasa ba ne, kuma wutarmu ba ta tsayawa wuri ɗaya, in aka saita bayas da rana wuta na bolt 190 sannan da dare janaretan wajen biki ya ba ka 245, komai na ciki ya tashi tare, sabon bawul ɗin da ka sha wahala ka saya zai yi ja a dare ɗaya. Don haka a saita ta a kan sitabilaizar da za ka riƙa yawo da ita, mai gyaran ya auna wutar bango tukuna ya ga tana kusa da 230. In kuma daga Amurka aka kawo ta, duba bayanta, in 120 aka rubuta to taransifomar rage wuta mai ƙarfi sosai take so ba 'yar ƙarama ba. Wannan aikin don Allah kar ka buɗe ka yi da kanka, kafasitocin ciki suna riƙe wutar da za ta iya kashe mutum ko an zare waya daga bango, ka nemi dattijon mai gyaran da ya yi zamani da rediyo da talabijin na bawul, har yanzu akwai su.

Ƙananan su ba ruwansu da bayas, ka kashe ta huce ka cire ka sa da hannunka, ka dai lura da gurbin da babu ƙafa don ya dace da ramin, kar ka murɗa. Kuma suna daɗewa shekaru, ba sai ka canza ukun ba, mai fiton kawai. In ka ga an rubuta ECC83 shi ne 12AX7, sunan Turai ne. Don akwati irin naka ka nemi mai gajeren faranti kamar JJ ECC83S, ya fi mai dogon faranti jure girgiza. A nan ne ma za ka iya wasa da murya da kuɗi kaɗan, domin 12AX7 yana ninka murya sau 100, 5751 kusan 70, 12AY7 wajen 40 da ɗoriya, kuma duk rami ɗaya. Masu Hot Rod da yawa suna kukan da an ɗan murɗa murya daga 1 zuwa 2 sai ta yi tsalle ta cika wuri, to sa 5751 ko 12AY7 a V1 yana lafar da ita, muryar ta fito tas, wanda ga irin kiɗanmu na biki da ake son kowace tsirkiya ta fita shi ya fi. Na uku a jerin ƙananan, na kusa da manyan, shi ke raba musu aiki kuma yana wahala fiye da 'yan uwansa, in da hali ka sabunta shi tare da su.

Tsofaffin da ka cire in ba su mutu ba kar ka yar, naɗe su a tsumma ka sa a jakar wayoyi tare da 12AX7 guda ɗaya da fis na ajiya. Kar ka taɓa kunna ta ba sifika a haɗe, taransifomar fita ce za ta tafi. In an tashi daga biki a ba ta kamar minti goma ta huce kafin a ɗora a adaidaita, kuma a tsaye a kan kujera ko katifa. Fis kuma in ya ƙone, mai lamba irin wadda aka rubuta a bayanta za a sa, in sabon ya sake ƙonewa to akwai bawul ɗin da ya haɗe a ciki, a kai wa mai gyara, kar wani ya ce bari ya naɗa waya ko takardar sigari a gama aiki.