Gajimaren da Ke Tsaye Cak a Bayan Dutse

Ɗana, ka tambaye ni abin da ke sa gajimare ya jeru layi-layi a bayan dutse, ya ƙi motsi, alhali iska na kaɗawa da ƙarfi. Iskar ratsa shi take yi: yana haɗuwa inda take hawa, yana watsewa inda take gangarowa.

Sararin sama hawa-hawa yake, iska mai nauyi a ƙasa, mara nauyi a bisanta. Idan dutse ya tilasta wa iska hawa, tana ƙara sanyi da kusan digiri 10 a kowace kilomita, muddin ba ta cika da danshi ba. Sai ta fi ta kewayenta nauyi, ta nutse, ta zarce mazauninta, ta yi ɗumi, ta sake tasowa kamar lilo. Wannan hawa da sauka shi ke zama igiyar iska a bayan dutse, irin igiyar ruwa. A hawan sararin sama na ƙasa-ƙasa, zagaye ɗaya yakan ci kusan minti 10. To, lissafa: gudun mita 20 a daƙiƙa sau daƙiƙa 600, kilomita 12 ke nan tsakanin layi da layi. Auna tazarar a hoton tauraron ɗan'adam, ka gwada da lissafinka.

Idan bayanan balan-balan ɗin awo suka iso, duba iskar da ke daidai kan dutsen. Gudunta ya kai noti 20, wato kusan kilomita 37 a awa? Tana bugunsa kai tsaye, karkatarta ba ta wuce digiri 30 ba? In kuma gudunta na ƙaruwa can sama, ga hawan iska mai natsuwa daf da ƙololuwar dutsen, igiyar za ta maƙale a ƙasa ta yi nisa sosai, kamar yadda masanin yanayi Richard Scorer ya bayyana a 1949. In ba ta maƙale ba, sama take nufa, tana girma saboda nauyin iska na raguwa, har ta karye ta jijjiga jirage.

Ƙarƙashin kowace ƙololuwar igiyar, iska kan murɗe tana birgima, nan ne wurin da ya fi haɗari ga jirgin da ke ƙasa-ƙasa.

Kada ka taɓa jiran ganin gajimare kafin ka fitar da gargaɗi. Busasshiyar iska ba ta nuna alamar komai, amma igiyar na nan da ƙarfinta. A watan Maris na 1966, sama na garau, jirgin Boeing 707 ya tarwatse a iskar bayan dutsen Fuji na Japan, mutum 124 suka rasu. Kai dai ka bi alkaluman awo.