Amsa ga ƙanenmu na Rigasa da ya ce ya daina yarda da kansa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na ga tambayar da ƙanenmu na Rigasa ya turo, wanda ya nemi a sakaya sunansa. Ga waɗanda ba su gani ba: ya gama HND a Kadpoly, wato kwalejin kimiyya da fasaha ta Kaduna, ya yi bautar ƙasa, yau shekara uku babu aiki. Ya daina fita majalisa, ɗaurin auren abokai ma sai ya ƙirƙiro uzuri, in ya tashi zai yi magana a gaban mutane murya ta dinga rawa, in kuma ya buɗe waya ya ga sa'o'insa a Abuja sai ya ji kamar shi kaɗai aka bari a baya. Yana tambaya yaya zai yi ya dawo da ƙarfin gwiwarsa, ya kuma samu farin ciki.

Da yawa sun ce masa ya yi haƙuri ya dage da addu'a, kuma gaskiya suka faɗa. Ni zan ƙara da abin da na gani a wurin aiki. Sana'ata wayarin da haɗa sola, a Tudun Wada nake, kuma matasa da dama sun koyi aiki a hannuna, daga mai digiri har wanda ko firamare bai ƙarasa ba.

Ƙanena, abin da na fahimta a rubutunka shi ne kana jira ƙarfin gwiwa ya zo tukuna, sannan ka fita cikin mutane. Ni ban taɓa ganin ya zo ta wannan hanya ba. Duk wanda na ga ya samu, bayan ya yi wani abu da hannunsa ne ya ga ya yiwu.

Akwai wani yaro da mahaifiyarsa ta kawo min, ta ce ya gama makaranta amma ya zama ɗan ɗaki. Farkon zuwansa ko gaisuwa sai ka kasa kunne kafin ka ji. In kwastoma ya shigo sai ya zame bayan kanta yana ta jera wayoyin da an riga an jera. Ban matsa masa da nasiha ba, na dai ba shi mitar auna wuta da filaya, na ce ya riƙa bina. Wata rana muna aiki a wani gida a Unguwar Dosa, ina can saman kwano ina ɗaure farantan sola, sai inbatar gidan ta fara kuka tana nuna batir ya yi ƙasa, alhali rana na tsaka. Na ce masa daga sama ya duba. Batir biyu ne masu ƙarfin wuta volt 12 kowanne aka haɗa suka ba da 24. Ya auna na farko lafiya, ya auna na biyu lafiya, ya tsaya yana kallonsu. Can sai ya lura bakin wayar da ta haɗa su ya yi farin gari, noti ya saki. Ya kashe inbata, ya kwance, ya kankare, ya ɗaure tam, ya kunna. Fankar falo ta juya. Maigidan, wani dattijo ɗan fansho, ya leƙo ya ce, "Injiniya, Allah ya yi maka albarka." Daga Unguwar Dosa har muka iso shago a cikin Keke yaron nan bai yi shiru ba, yana ta min bayanin yadda ya gano matsalar. Daga ranar shi ke tarar kwastoma a bakin ƙofa. Babu wanda ya ce masa ya yarda da kansa, shaida ya gani da idonsa.

Masana ma a nan suka tsaya. Wani malamin halayyar ɗan Adam a jami'ar Stanford ta Amurka, Albert Bandura, ya yi rubutu a 1977 kan inda mutum ke samo yardar cewa zai iya. Ya kawo hanyoyi huɗu: ka yi abu ka ci nasara, ka ga wani irinka ya yi, a ƙarfafa maka gwiwa da baki, da kuma yadda kake fassara bugun zuciya da rawar jiki. Ya ce ta farkon ta fi duka ƙarfi. Maganganun masu zaburarwa da kake saurare a YouTube suna cikin ta uku, shi ya sa zafinsu ba ya kai gobe.

Don haka shawarata ka nemi abu ɗaya ƙarami wanda wani ke buƙata daga hannunka, ka fara a wannan makon. Ban ce ka daina neman aikin ofis ba, ka ci gaba da tura takardu, rabo na iya rantsewa. Amma tura takarda aikin awa ɗaya ne, sauran yinin fa? Ka shiga Panteka ka ga yadda ake walda da kafinta da ƙera injinan niƙa, ka leƙa Kasuwar Barci wurin teloli, ka zauna da masu gyaran waya, ko ka tara yaran layinku masu shirin WAEC da JAMB ka riƙa yi musu lissafi da yamma. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, masu shaguna da gidaje da yawa sun gaji da janareto sun koma sola, kuma masu aikin da suka iya lissafin lodi, wato yawan wutar da kayan gida ke ja, ba su da yawa. A nan karatunka zai yi maka rana. Mai HND da ya sauke girman kai ya ɗauki tsani, cikin 'yan watanni yake wuce wanda ya shekara yana aiki da ka, domin shi ya san dalilin abin da yake yi.

Na san abin da ke tsaya maka a rai: me mutane za su ce, duk karatun nan a ƙare a Panteka? A Kakuri na tashi, lokacin da masaƙu ke ci. Kaduna Textiles da aka buɗe a 1957 zamanin Sardauna, da UNTL, da Arewa Textiles, in aka tashi daga aiki titi cika yake da kekuna. Daga farkon shekarun 2000 suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya, dubban magidanta suka wayi gari babu aiki. Na ga iyayenmu sun kasu biyu. Wasu sun zauna jiran a sake buɗewa, suna jin kunyar a gan su da wata sana'a bayan an san su da albashi, kuma wallahi na ga yadda zaman ya cinye su, mutum mai fara'a ya koma ba ya son a yi masa sallama. Ba na zarginsu, abin da ya same su ba ƙarami ba ne. Wasu kuma suka kama abin da ya samu, wannan ya buɗe teburin kayan miya, wancan ya koma noman rani a bakin kogin Kaduna. Ba su yi arziki ba, amma kansu a ɗage yake, ana neman shawararsu a unguwa har suka tsufa. Mutanen da ake tsoron bakinsu kuwa, kwana biyu suka yi magana suka koma kan nasu matsalolin.

Batun rawar murya, kada ka ɗauka wani aibi ne a halittarka. An tarbiyyantar da mu kada mu kalli babba a ido, kada mu sa baki in manya na magana, kuma tarbiyya ce mai kyau. Sai dai ba a koya mana lokacin da ya kamata mu buɗe baki ba, rana ɗaya kawai aka zaunar da mu gaban masu intabiyu aka ce mu yabi kanmu. Abin koyo ne kamar tuƙi. Ka fara da inda kuskure ba zai yi maka tsada ba: ka roƙi malamin Islamiyyar unguwarku ya ba ka ajin ƙananan yara, ko ka karɓi karanta sanarwa a taron ƙungiyar matasa. Ka haddace jimlarka ta farko tun daga gida, domin ita ce mai wuya. Ka ja numfashi a hankali kafin ka fara, ka kuma rage gudu. Muryar za ta yi rawa a minti na farko, ka bar ta ta yi, kada ka tsaya ba da haƙuri. Annabi Musa (AS) da kansa, da aka aike shi wurin Fir'auna, sai da ya roƙi Allah ya buɗa masa ƙirji ya warware masa ƙullin harshe, addu'ar tana nan a Suratu Ɗaha daga aya ta 25. Ka riƙe ta.

Wani wurin da matasanmu ke faɗuwa shi ne faɗin kuɗin aiki. Yaro ya yi aiki mai kyau, a ce nawa ne, sai ya sunkuyar da kai ya ce "ko nawa aka bayar". Wannan kalma ta karya mutane da yawa. Nakan sa yarana su rubuta a takarda kafin a fara: kuɗin kaya kaza, kuɗin mota kaza, ladan aiki kaza. In an tambaya ka faɗi adadin, ka yi shiru. Kada ka fara rage wa kanka tun ba a taya ba. Ranar da ka faɗi farashinka aka ƙirga aka ba ka, za ka ji wani abu ya zauna a ƙirjinka.

Wayar kuma, ka yi mata iyaka. Hoton mota kake gani, ba ka ganin bashin da ke bayanta ko kuɗin hayar da ke hana shi barci. Manzon Allah (SAW) ya ce mu dubi wanda ke ƙasa da mu, kada mu dubi wanda ke sama, don kada mu raina ni'imar Allah a kanmu. Duk wanda shafinsa ke ɓata maka rai, ka ɓoye shi ba tare da gaba ba, kuma kada ka kwanta da waya a hannu.

Sai maganar farin ciki. Abin da ya fi damuna a saƙonka shi ne janyewar da ka yi daga mutane. Batirin da aka ajiye wata da watanni ba a caji ba a amfani da shi, lalacewa yake ko da sabo ne, haka zuciyar da aka kulle a ɗaki. Jami'ar Harvard ta fara bin rayuwar wasu ɗaruruwan mutane tun 1938 har suka tsufa, kuma babban abin da binciken ya nuna shi ne kyakkyawar alaƙa da mutane ta fi kuɗi da muƙami tasiri a kan farin ciki da lafiya. Mu dama mun san zumunci a ƙafa yake. Ka je ɗaurin auren nan. Na san tambayar da kake gudu, "ina ake aiki yanzu?" Ka shirya amsarta tun daga gida: "Ana dai nema, a yanzu ina koyon kaza, in ka ji wani abu ka tuna da ni." Shi ke nan. Sau da yawa ma a irin wannan wurin ake jin labarin aiki, wanda ke ɗaki ba ya ji. Ka riƙa sallar asuba a jam'i, daga nan ka taka da ƙafa ko ka bi masu motsa jiki, jiki in ya motsa zuciya na samun sauƙi.

Abu ɗaya kuma ba zan ɓoye maka ba. In ka kai mako biyu ko fiye kullum ranka a ɓace, abin da kake so da ya daina burge ka, barci ya lalace, abinci ba ya shiga, ko kana jin gara ma ba ka raye, to wannan ya wuce rashin ƙarfin gwiwa. Yana iya zama ciwon damuwa, kuma ciwo ne da ake magani kamar hawan jini. Ka faɗa wa wani babba da ka amince da shi a gida, ku je asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa ko asibitin koyarwa na Barau Dikko ku ga likita. Zuwa can ba hauka ba ne, kuma ba raunin imani ba ne, ana haɗa shi da addu'a. In tunanin cutar da kanka ya taɓa zuwa maka, kada ka jira mako biyun, ka faɗa yau.

In kuma aikin sola ya kwanta maka, ka sa admin ya haɗa mu, ba sai ka bayyana sunanka a nan ba. Ranar Asabar mukan fita aiki da ƙarfe takwas na safe. Ka zo da tsofaffin kaya da takalmi mai rufi, da ɗan littafi da biro, domin tun ranar farko kai za ka rubuta lissafin lodin gidan.